Ƙofar Goma

Tun da Kotoe ta sauko daga jirgin ruwa a tsibirin Tsushima take juya maganar a baki. Binciken ƙwayoyin gado na garkuwar jiki ne aikinta a jami'a, ta saba yi wa malamai bayani, amma gaban mahaifiyarta Fusako harshenta ya yi nauyi.

Ta tarar da tsohuwar tana gasa kifi, muzurunta Goma yana gadin wutsiyar kifin.

"Mama, na gwada jinin Goma. Yana da cutar da ke karya garkuwar maguna. In ya ciji magen daji, ya sa mata. Kin san 'yan kaɗan suka rage a tsibirin nan. Dole ya daina fita."

"Likitar maguna! Boko dai bai yi rana ba. Ba shi magani mana."

"Babu. Akwai wata ƙwayar gado da ya kamata ta tare irin cutar nan, amma ta gutsure tun zamanin kakannin kakanninsu. Tana nan a jikinsu, ba ta aiki. Mu ma mutane muna ɗauke da irinsu, matattu."

"Wato kowa da gawar da yake goyo," in ji Fusako. Ta juya kifin. "Su na dajin fa, tasu na aiki?"

"Ita ma a gutsure take."

Tsohuwar ta sauke kifin daga wuta. Magen daji sau ɗaya ta taɓa gani, tana budurwa, a bakin gonar shinkafa, kuma har yau ba a raba ta da labarin. Kotoe ta ji tausayinta ya kama ta, don tun rasuwar mahaifinta Goma ne abokin hira a gidan. Ƙofar gidan ta takarda ce da aka liƙa a jikin siraran katako, a ƙasanta akwai 'yar kafa da Fusako ta yanke masa da hannunta, kamar yadda ake yi a gidajen da.

Bayan cin abinci Fusako ta dama ƙullun shinkafa, ta durƙusa da ƙyar ta liƙe kafar da sabuwar takarda. Goma ya zo ya shinshina, ya sa farce ɗaya ya keta ta.

Kotoe ta buɗe baki, uwar ta ɗaga mata hannu. Idanun tsohuwar sun ciko.

"Takarda ba za ta riƙe ja'irin nan ba. Jeki ɗakin ajiya ki ɗauko katako da ƙusa. Yi sauri, 'yar nan, kafin in sake shawara."