Inda Muka Tsaya Cajin Mota

Ranar da na kawo motar gida, Baba bai ce Allah ya sa alheri ba sai da ya zagaya ta. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta yana neman salansa, bai samu ba. Ya sa na buɗe bonet, ya tarar da ɗan akwatin ajiye kaya a inda ya kamata inji ya zauna. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce in rufe, ai firij na sayo aka sa mata tayoyi.

Baba bakanike ne, tun yana saurayi yake aikin har ƙarfi ya ƙare. Mai Kunne ake ce masa a zamaninsa, domin mota na shigowa gareji zai gaya wa direba abin da ke damunta tun ba a kashe inji ba. Ni ce autarsa, kuma ni kaɗai a cikin 'ya'yansa na taso ina miƙa masa sifana. Shi ya sa da na sayi motar lantarki, wadda ba kafireto ba falogi, ko tari ba ta yi, ya ɗauki abin kamar na juya masa baya. Wata da watanni ya ƙi shigarta. Ko asibiti za mu je a duba masa hawan jini, sai ya ce gara ya hau tasi.

Ana nan sai matar Kawu ta kira, ta ce ciwon ƙirjinsa ya sake tashi, kuma yana ta ambaton Baba. Kawu yayan marigayiya Mama ne, amma tun kafin surukuta abokin Baba ne, tare suka buɗe garejinsu na farko. Garin da yake da nisa, tafiyar wuni ce. Washegari da safe na fito na tarar da Baba zaune a kujerar gaban motata, har ya ɗaura bel.

Da muka hau babban titi ya karkata kai yana saurare. Ba abin da ake ji sai ƙarar taya da iska. Ya ce shi dai bai san yadda mutum zai yarda da motar da ba ta gaya masa halin da take ciki ba. Can kuma ya shiga yi min tambayoyi irin na mai neman faɗa. Wutar da nake ɗura mata daga ina take zuwa, ba wani abu ake ƙonawa a wani wuri ba? Ƙarfen batirin ba haƙo shi ake yi ba? Na ce duk gaskiya ne, ba wankakkiya ba ce. Amma in aka haɗa hayaƙin ƙera ta da na wutar da za ta sha tsawon rayuwarta, bai kai na motar fetur ba, kuma ba ta busa wa mai tafiya a ƙasa komai a fuska. Ya ce to, ya juya yana kallon gonaki.

Wajen tsakar rana batir ya yi ƙasa, na ratse wata tashar caji da ke wata mararraba. Tsohon gidan mai ne aka gyara. An cire famfunan, an jera na'urorin caji a gurbinsu, an shimfiɗa farantan sola a kan rumfar. Na jona wayar cajin a jikin mota, na waiwayo na ga Baba ya fito ya tsaya riƙe da ƙofa, yana kallon wani tsohon gini mai ƙaramar taga a gefe.

“Auta, kin san inda kika kawo ni?”

Na ce ban sani ba.

“Bayan ginin can garejinmu yake, ni da kawunki.”

Na sha jin labarin garejin nan, amma ban taɓa sanin a wannan hanya yake ba.

Da farko caji ya tafi da gudu, lambobin allo suna ta hawa. Da ya doshi kashi tamanin cikin ɗari sai ya koma rarrafe. Haka motocin suke, in batir ya kusa cika ko ya ɗau zafi, sai su rage shan wuta da kansu don kada ya lalace. Ga rana ta take, ga gudun da muka sha, ga shi kuma babu wata tasha a gaba, dole in jira ya kusa cika. Hankalina na wajen Kawu, na shiga kai da komo ina tsaki.

Na zaci Baba zai samu abin yi min dariya. Ya fara ma, ya ce a da kafin ka gama gaisawa da mai zuba mai tanki ya cika. Sai kuma ya tambaye ni dalilin jinkirin, na yi masa bayani. Ya naɗe hannun riga ya nuna min tabon ƙuna da na sani tun ina yarinya. Ya ce a nan wurin ya same shi. Wani direba ne mai gaggawa ya matsa masa ya buɗe lagireto yana tafasa. Ya ce da motocin lokacin sun san su dakata da kansu in sun yi zafi, da injuna da yawa ba su mutu a hannun masu su ba. Wannan ce magana mai daɗi ta farko da ya taɓa yi a kan motata.

Muka zagaya bayan ginin. Babu rumfa, babu ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota, sai ciyawa da wasu ƙananan bishiyoyi da aka dasa. Baba ya riƙa nuna min da baki da hannu. Nan bencinsu yake. Can suke rataye inji da sarƙa. Ta wannan lungun Mama take ɓullowa da kwanon abincin yayanta, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ajiye ta juya da sauri. Ya ce ya daɗe bai ga komai a fuskarta ba sai ido, kuma idon ya ishe shi. Bayan aure, ruwan zafi take dafawa ta jiƙa kayan aikinsa, tana mita wai ko matashin kansa warin baƙin mai yake.

Ya tsuguna da ƙyar, ya tona ƙasa da wani tsinke. Ƙarƙashin ciyawar ƙasar baƙa ce har yanzu. Ya murza ta a yatsa ya sansana, ya yi murmushi, ya ce nasu ne. Nan suke juye baƙin mai, ba wanda ya taɓa ce musu laifi ne. Lokacin sanyi kuma su ja ƙyauren rumfa su tayar da inji a ciki, hayaƙi ya cika wurin har ba ka ganin na kusa da kai, suna tari suna dariya. Kawu ya fi shi daɗewa a ciki, don shi ne mai daidaita wutar inji.

“Mu a lokacin jarumta muka ɗauke shi,” in ji Baba.

Da wayata ta nuna caji ya isa, ni ce na riƙa jiran sa.

Mun isa da la'asar. Kawu ya rame, numfashinsa na fita da ƙyar, amma yana ganin Baba ya ce wa ya bar wannan tsohon ya shigo da ƙazamin hannu. Baba ya ce hannun da ya koya masa aiki ke nan. Suka riƙe juna suka daɗe ba su saki ba. Baba ya ba shi labarin inda muka tsaya, suka yi ta musu a kan ko ƙyauren rumfar kore ne ko shuɗi, har matar Kawu ta ce a bar mara lafiya ya huta. Mun yi kwanaki a can, sai da Kawu ya fara zama a tsakar gida muka kamo hanya. Ya ƙara kusan shekara a duniya bayan wannan.

A hanyar dawowa, da muka fita daga gari, Baba ya ce in tsaya in ba shi tuƙin. Na koma gefe. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta laluben kuloci, hannunsa na kai wa giyar da babu, yana tsaki yana dariya. A hankali ya riƙa tafiya, manyan motoci na wuce mu suna hon. Da ya saki jiki sai ya fara ba ni labarin motar da ya fara tuƙawa, ta wani mai ɗaukar katako, wadda sai an tura take tashi, ƙofarta kuma da igiya ake ɗaure ta. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na kwantar da kujera na bar shi yana tuƙi yana faɗa.