Gwangwanin Mai Faci

Mai Faci ya tsoma tif ɗin taya a cikin ruwan daro yana juya shi a hankali, har ƙananan kumfa suka taso a jere. Ya ɗora yatsa a wurin, ya goge, ya kankare hujin da fayil. Daga nan sai ya miƙe kamar kullum, ya leƙa rumfar maƙwabcinsa.

"Baba, sai haƙuri, ga wani facin ya zo."

Baba Mai Walda ya ɗage baƙin tabaransa yana mita. "Ni dai na zama yaronka a tsufana. Matsa can, ka juya baya."

Tsarin ke nan wata bakwai cur. Gwangwanin sholisho, gam ɗin da ake liƙa faci da shi, a akwatin Baba yake kwana, makulli a aljihun Baba. Shi ke shafawa, shi ke rufewa, Mai Faci yana can gefen titi yana kallon motoci har warin ya wuce. Abin dariya ne, kuma 'yan layin sun yi dariyar har sun gaji. To amma me za a yi da mutumin da abincinsa da gubarsa suke cikin gwangwani ɗaya? Shekara huɗu ya yi yana zuba gam ɗin a tsumma yana shaƙa, har ya koma ba ya gane tayar gaba da ta baya.

Sista ce ta kawo dabarar. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya ta ƙi zama, take bin rumfuna da tashoshi da jakarta da ciwon gwiwarta, tana janyo irinsu Mai Faci zuwa zaman da take yi duk Laraba a wani ajin makaranta. Mutum goma sha ɗaya ne, kowa da abin da ya kayar da shi, a kan bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Ba ta wa'azi. Tambaya take yi, "Wa ke kusa da kai a wurin aiki?" Da ya ce Baba Mai Walda, washegari sai ga ta a rumfar Baba.

Yanzu kam alhamdulillahi. Ya yi ƙiba har wandonsa na kama shi. Matarsa ta dawo daga gidan iyayenta da 'yarsu mai shekara biyar, wadda kowa ke kira 'Yar Baba. Sharaɗi ɗaya ta kafa ranar da ta ajiye akwatinta, kuma ba da faɗa ta faɗe shi ba.

"Malam, sau uku ina tafiya ina dawowa. Ranar da na sake jin warin nan a ɗakin nan, tafiyar ke nan."

* * *

Ranar Litinin Baba ya tafi asibiti a duba masa ido. Kafin ya hau mota ya tsaya ya daɗe yana kallon Mai Faci, sannan ya ajiye masa makullin a kan benci.

"Ka ce wa masu kawo faci sai gobe. Wannan don kada ya faɗi a hanya ne."

Mutum biyu Mai Faci ya sallama kafin azahar, hankalinsa kwance. Na ukun mai turin ruwa ne, dattijo, ya jawo kurarsa da jarkoki goma cike, taya ɗaya ta kwanta. Gumi ya jiƙe masa riga.

"Sai gobe, dattijo."

"Gobe kuma? Ɗana, ruwan nan mutane ke jira. In ban kai ba wani zai kai, ni kuma na rasa gidajen."

Mai Faci ya dubi makullin. Ya ji yawunsa ya tsinke tun kafin ya taɓa akwatin. Tsoro ya ji, tsoron kansa. Ya ɗauki waya ya kira Sista.

"Zan buɗe gwangwani," ya ce. "Baba ba ya nan."

"Ina iska take kaɗawa?"

"Daga wajen masu katako."

"To ba ta baya, ka miƙa hannu can nesa. Ka sa ni a lasifika, kada ka kashe. Na ba ka labarin akuyar maƙwabciyata da ta cinye min takardar fansho?"

Haka aka yi facin. Sista na zuba labarin akuya, mai turin ruwa na dariya har yana riƙe ciki, Mai Faci na shafa gam da yatsa. Warin ya zo, ya san shi sarai kamar muryar tsohon aboki. Ya liƙa facin, ya danne murfin da dunduniyar hannu, ya jefa gwangwanin a akwati ya kulle.

"Na rufe."

"Madalla," in ji Sista. "Laraba kai za ka fara magana. Yanzu je ka sha ruwa."

Ya zauna a kan tsohuwar taya yana dariya shi kaɗai. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

* * *

Sai da ya kusa gida da yamma ya tuna da hannunsa. Sau uku ya wanke da sabulu, amma gam ɗin ya shige ƙarƙashin farce. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

Matarsa na ninke wanki. Ta ɗago, hancinta ya motsa, hannunta ya tsaya cak a kan rigar da take riƙe da ita.

"Baba ya je asibiti," ya ce. "Ni na yi facin da kaina. Ki kira Sista, tana kan waya har na gama."

Ta taso, ta kama hannunsa ta shinshina. Ta matso da fuskarta kusa da bakinsa, sannan ta daɗe tana duba idanunsa. Shekara huɗu sun koya mata abin da ba a koyarwa a makaranta.

"A hannu yake," ta ce a hankali. "Wancan a numfashi yake zama." Ta saki ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. "Shigo mana, ka tsaya kamar mai karɓar kuɗin wuta. Bari in kawo maka kananzir, shi ke fitar da shi."

Ya shiga ya zauna. Yana shirin ba ta labarin akuyar Sista sai ya lura ɗakin ya yi shiru. 'Yar Baba, wadda kullum take rugowa ta haye wuyansa, ba ta zo ba.

Tana bakin ƙofa, ita ma ta ji warin. Ta sa takalmanta da kanta, na hagu a dama, ta rataya 'yar jakar makarantarta, ta rungume 'yar tsanarta a ƙirji. Ba ta kuka. Ba ta dubi ubanta ba, uwarta take kallo.

"Mama, na shirya," ta ce.