Ranar da Gwaggo Rediyo Ta Yi Godiya

A ɗakin mata na asibitin babu wanda bai san Gwaggo Rediyo ba. Tun da aka kwantar da ita don aikin ciki bakinta bai huta ba. Fanka ta cika ƙara, matashin kai kamar dutse, allura kuwa da mugunta ake yi mata. Wadda ta fi shan wannan faɗa ita ce Auta, ƙaramar nas ɗin ɗakin, wadda ba ta daɗe da barin makaranta ba.

Auta tana da nata tabon. Kwanakin baya ta taɓa sheƙawa a guje ta ɗauko likita, wai wata mata za ta mutu, ashe baiwar Allah ƙoshi ne ya yi mata yawa. Aka yi ta tsokanarta har masu shara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: tun ranar ba ta ƙara kiran likita ba sai awo ya nuna abin da ba ya musuntuwa. Sista Babba, shugabar ɗakin, takan ce mata, "Ke, ki dubi mutum tukuna kafin ki dubi na'ura." Auta ta ce to, a ranta kuwa tana cewa ai na'ura ba ta taɓa jawo wa kowa dariya ba.

Ran nan da hantsi Sista Babba ta tafi taro, ta bar mata ɗakin. Da safen aka dawo da Gwaggo daga tiyata, har ta farfaɗo ta yi wa mai tura gado tas. Auta ta zo ta gwada jininta, ya yi daidai. Bugun zuciya ya ɗan yi sauri, amma ba abin tada hankali ba. Ta gyara mata bargo za ta wuce.

"Na gode, 'yata," in ji Gwaggo. "Allah ya yi miki albarka. Ɗan ba ni ruwa."

Auta ta yi taku biyu, ta tsaya cak. Godiya? Daga bakin Gwaggo? Ruwa ba ya tsami banza.

Ta dawo ta tsaya a kanta, wannan karon ta dube ta da kyau. Tsohuwar sai hamma take yi, tana juya kai a kan matashi, tana lasar leɓe. Auta ta kama hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau da ɗan gumi. Ta ja fatar idonta ƙasa, ta ga cikin ya yi fari. Ta ɗora tafi a cikinta, tsohuwar ta yamutsa fuska, amma ko tsaki ba ta yi ba.

Auta ta janye hannunta. Ta sha ganin kowace alama a littafi, ɗaya-ɗaya a jere, amma yau ne ta fara ganinsu a haɗe a fuskar mutum. Jini ne yake zuba a ciki. To in kuma ba haka ba ne fa? Awo bai goya mata baya ba, masu dariya kuma suna nan. Ta sake kallon leɓen Gwaggo. Kai, a yi mata dariyar har ta tsufa!

Ta ƙara gudun ruwan da ake sa wa tsohuwar, ta ce wa 'yar Gwaggo da ke jinya, "Yaya, kada ki ba ta ko ɗigo, ina zuwa!" Ta kwasa a guje, takalminta ɗaya ya fita a bakin ƙofa, ba ta waiwaye shi ba.

"Likita, gado na ƙarshe! Jini take zubarwa a ciki!"

"Me awo ya nuna?"

"Awo lafiya lau. Ita ce ba lafiya ba. Godiya ta yi mini!"

Likitan ma ya sha nasa rabon a bakin Gwaggo. Ya ajiye biro ya miƙe. Kafin su iso awon jinin Gwaggo ya fara sauka. Nan take ɗaki ya kaure, wannan na kiran ɗakin tiyata, wancan na neman jini, Auta na tura gado da ƙafa ɗaya ba takalmi, tana ihun a ba da hanya.

Sista Babba ta dawo ta sami Auta a bakin ɗakin tiyata, ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Can likita ya leƙo, ya ja takunkumin fuskarsa ƙasa. Ya ce wata jijiya ce ta kwance, an ɗaure, an ci sa'a an zo da wuri.

Auta ta daka tsalle ta rungume Sista Babba, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. Daɗi ya cika ta har tana dariya da hawaye.

"Sista, na gani! Wallahi da idona na gani, tun kafin na'ura!"

'Yar Gwaggo ta taso daga benci, ta riƙe hannun Auta da hannu biyu. Sai kawai ta kifa goshinta a kan hannun ta fashe da kuka.