Ranar da Bature Ya Dawo da Wuri

A tashar tasi ba mai kiransa da sunansa na yanka. Bature suke ce masa, don ba ya gama magana bai jefa kalmar Turanci ɗaya ko biyu da ya tsinta a bakin fasinja ba. Karatunsa kuwa ko firamare bai ƙarasa ba. Abokan aikinsa sun sani, matarsa ta sani. Wadda yake ganin ba ta sani ba ita ce autarsa, 'yar sakandare, kuma duk duniya ita kaɗai yake jin kunyar ta gano.

Da safen nan yana goge gilashin mota ta biyo shi da littafi. Ta tambaye shi yaushe ake cewa had gone, yaushe kuma ake cewa went. Ya karɓi littafin, ya yi masa kallon gwani, ya ce ai abu ne mai sauƙi, sai dai yanzu sauri yake, ta bari ya dawo. Ko kwanar layinsu bai sha ba gumi ya karyo masa.

Ranar duk wanda ya ɗaga masa hannu sai ya fara duba ko ya yi kama da ɗan boko. Ya wuce wata mata da kayan cefane, ya ci birki gaban wani mai kwat da jaka, ya ɗauke shi, ya yi masa tambayar. Mutumin ya ce shi a banki yake aiki, kuma duk ɗaya ne, wanda ka faɗa za a gane. Bature ya so ya yarda, amma ya san malamin makaranta ba zai yarda ba. Wani saurayi ya ce ya taɓa sani lokacin jarrabawa, ya mai da kai kan wayarsa. Wani dattijo mai tabarau ya ɗauko bayani tun daga asalin harshen, har aka iso inda zai sauka bai zo kan tambayar ba.

Rana ta raba tsaka bai sa komai a cikinsa ba. Ya manta hanyar da yake bi kullum, ya zagaya shataletale ya sake zagayawa, na baya suna ta danna masa oda. Da ya leƙa tasha, abokai suka ce yau Bature ya yi shiru, ko Turancin ne ya ƙare? Ya yi yaƙe, ya sake tada mota.

A ƙofar wani asibiti ya ɗauki wata nas da ta tashi daga aiki, idanunta duk gajiya. Ya yi mata tambayar a kunyace, ba tare da ya sa rai ba.

"Abu biyu ne suka faru, duka sun wuce, amma ɗaya ya riga ɗaya," in ji ta. "Wanda ya riga shi ke ɗaukar had. Kamar ka ce, kafin in iso gida yara sun riga sun yi barci. Barcin ya riga isowarka."

Misalin ya ɗan sosa masa rai, domin kuwa haka gidansa yake kullum, amma ba shi da lokacin tsayawa a kansa. Ya sa ta maimaita. Tana sauka ya nufi gida yana ta nanata maganar, ya ƙi tsaya wa kowa, kamar mai ɗauke da kwanon ruwa cike taf.

Ya tarar da autar a tsakar gida tana kwashe shanya. Ya gyara murya, ya zauna kan benci, ya fara. Abu biyu ne suka faru. Ɗaya ya riga ɗaya. Daga nan zaren ya kuɓuce masa, ya ce na bayan ne ke ɗaukar had.

"Na farkon, Baba," ta ce a hankali, tana ninke riga. Ko littafin ba ta duba ba.

Ya kalle ta. Ya tambaye ta ko da ma ta sani. Ta ce tun wancan makon aka koya musu. Kunya ta rufe shi, don ya gane ba wannan kaɗai ta sani ba. Ta daɗe da sanin iyakar Turancin ubanta, ta dai rufa masa asiri ne kamar yadda kowa ke yi.

"To, me ya sa kika sa ni yawon gari?"

Ta ajiye rigar a kwando.

"Duk ranar da na tambaye ka Turanci, kana dawowa kafin in yi barci."

Daga waje wani ya ƙwanƙwasa gilashin motar, yana tambayar ko direba na kusa. Bature bai tashi ba. Ya matsa mata wuri a kan bencin, ya ce ta ɗauko littafin ta nuna masa shafi na gaba.