Ruwa Ɗaya, Amsa Uku

Sha huɗu na samu. Na wanke kwalabe, na sake gwadawa, na'urar ta sake ba ni sha huɗu. Ƙa'ida kuwa ta ce in dalmar da ke cikin ruwa ta haura goma, ba a sha.

Ruwan na rijiyar burtsatsen unguwar yayata ne. A bayan unguwar akwai filin gwamnati da aka daɗe ana jibge matattun batura. An kwashe baturan, an kankare ƙasar, aka garƙame famfon da kwaɗo sai an tabbatar ruwan ya gyaru. Sabon tsari ya ce ɗakunan gwaji uku ne za su duba: namu na hukumar muhalli, na ma'aikatar ruwa, da na ma'adinai. Ruwa ɗaya aka ɗebo aka raba mana. In duka ukun sun ce lafiya, a buɗe.

Ina cire safar hannu wayata ta yi ƙara. Mai Tabarau ne, daɗaɗɗen ma'aikacin ɗakin gwajin ma'aikatar ruwa.

"Ƙanwata, nawa kika samu?"

"Yallaɓai, ai ba a tambaya."

"Ke dai faɗi. Ni bakwai, Hajiya ta ma'adinai ma bakwai. Haka muke yi tun kina firamare. Kowa ya taɓa ɗan'uwansa kafin ya aika, kada a je taro a ji kunya."

"Cikinku wa ya fara samun bakwai ɗin?"

Ya yi dariya. "Yau ga 'yar boko. Ki wanke kwalabenki da kyau."

Ni da na fito ta ɗaya a ajinmu za a koya wa wanke kwalba. Duk da haka na sake wankewa, don maganar ta tsaya mini a rai. Na canza ruwan tacewa. Na canza safa. Har leƙa hannuna na yi, ko man da nake shafawa ne ke ɓata aikin. Sha huɗu dai.

Oganmu ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, don ba ya son warin asid. Ya ce, "Mutum biyu sun ce rana ta fito, ke kin ce dare ne. In kika aika wannan, ɗakinmu za a ce ya lalace. Ba na ce ki yi ƙarya ba. Na ce ki ƙara dubawa, da idon rahama."

Na ce, "Oga, na'urar ba ta da idon rahama."

Na aika sha huɗu. Kwaɗo ya zauna a famfo.

Da yamma na biya gidan Yaya, na tarar da ita a tsakar gida tana murza ƙugu, jarkoki jere a gabanta. Tun da aka rufe famfon, sai ta tsallaka babban titi take samo ruwa. Labari ya riga ni isa.

"Auta, an ce biyu sun yarda, ke ce kika ƙi."

"Yaya, abin da na gani na rubuta."

"Mun sha ruwan nan tun ba a haifi digirinki ba. Maƙwabta sun daina amsa sallamata. Su biyun can jahilai ne?"

In sun yi daidai, to ni na ɗora wa unguwa guda jarka a banza. In ni ce daidai, to 'ya'yan Yaya sun daɗe suna shan abin da ba na so in tuna. Na rasa wanda zan roƙi Allah ya kasance.

A ofis aka sa mini suna Sha Huɗu. In na shiga ɗakin shayi, sai wani ya tambayi ɗan'uwansa ƙarfe nawa, a amsa masa da sunana. Na riƙa shan shayina a tsakiyarsu, ban taɓa ɗaukar kofi na fita ba.

Daga hedikwata aka turo mai binciken inganci, wata doguwar mata marar yawan magana. Ta zo da ruwan da ita ta haɗa, ta san dalmarsa goma ce cif. Da ni ta fara. Na gwada a gabanta, ƙirjina a buɗe.

Sha uku.

Ta ce, "Na'urarki na ƙari. Ruwan da kike saita ta da shi ya tsufa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Oga ya yi tari a bakin ƙofa. Muka saita na'urar da nata ruwan, na sake gwada na rijiyar. Sha ɗaya.

Ta wuce wajen sauran biyun. A kowane ɗaki sai da ta sa aka zuba wayoyi a kwali kafin a taɓa kwalba. A ruwan rijiyar, Mai Tabarau ya samu takwas. Hajiya ta samu sha biyu. A taro aka tambayi inda bakwai ta fito. Mai Tabarau ya ce daga bakin Hajiya ya ji, nasa ya zo kusa sai ya daidaita. Hajiya ta ce ƙarya yake, shi ya fara kira. Aka yi ta nuna juna har shayi ya huce.

Mai binciken ta ce kuskurena kaɗai ta iya kamawa, don ni kaɗai na ba ta abin da na'ura ta faɗa. Oga ya dube ni, ya rasa ko barka zai yi mini ko faɗa. Ni ma ban sani ba. Aka yanke cewa duka ukun za mu saita na'urorinmu da ruwa ɗaya, a ɗebo sabon samfur, ba kira. Kafin nan famfo na rufe.

Na sami Yaya tana ɗaura ɗankwali, za ta fita ɗebo ruwa.

"To, malama, akwai guba ko babu?"

"Ban sani ba tukuna, Yaya."

"Duk karatun nan?"

"Duk karatun nan. Amma ba bakwai ba ce."

Ta daɗe tana kallona, ta yi tsaki, ta tura mini babbar jarkar da ƙafa. Na cire takalmin ofis na sa silifas ɗinta, muka nufi titi.