Sunan da ke Ƙarƙashin Leda

Akawun ofishin jirgin ƙasa ya ɗaga katin zuwa hasken taga, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Malama, wa ya sa masa ledar nan?"

"Ni ce. Shekara goma sha biyu ke nan."

Ya ajiye shi a kan tebur, ya cire tabarau.

Katin aikin kakanta ne, na kamfanin jirgin ƙasa. Mako uku da suka wuce likita ya ce 'yar ƙaninta, mai shekara shida, tana buƙatar dashen ɓargo. An gwada uwar, an gwada uban, an gwada ita kanta da duk dangin uwar, ba wanda ya dace. Likita ya ce a nemo dangin uba, ko da na nesa ne. Dangin uba kuwa su biyu suka sani, ita da ƙanin nata. Kakansu shi kaɗai ya zo garin, ya ajiye sunan gidansu, ya ɗauki na ubangidan da ya samo masa aiki. Mahaifinsu ya rasu bai taɓa tambaya ba. Saura goggonsu, wadda ba ta haihu ba, kuma tsufa ya ci hankalinta. Jiya da aka tambaye ta tsohon sunan, cewa ta yi a kashe fanka, jirgi zai wuce.

"Bari in nuna miki yadda muke yi a da," in ji akawun. "In ma'aikaci ya sauya suna, ba a ba shi sabon kati. Siririyar takarda ake yankawa a manna kan tsohon sunan, a buga sabon a kai. Taɓa nan. Kin ji tudun?"

Ta taɓa. Ta ji shi.

"To, sunan da kike nema yana ƙasansa." Ya nuna butar lantarkin da ke bayansa. "Da babu ledar nan, tururi kawai zan kara masa, minti biyu takardar ta ɗago. Na yi wa mutane sun fi ɗari."

"Baba, ba ku da kwafi a nan?"

Ya nuna mata kantar takardu ta ƙarshe, wadda babu komai a kai sai tabon ruwa. "Rufi ya yi yoyo shekara uku. Abin da ruwa ya rage, gara ta ƙarasa. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ba ta taɓa neman hutu ba a ofishin nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta tuna shekarar da ta dawo daga karatu, ta tarar da katin a akwatin ƙarfen mahaifinta, gefensa duk ya cinye. Ya ce mata, "Ki bar shi yadda yake, shekara hamsin bai kawo ƙara ba." Ta ce, "Baba, ai yanzu ba haka ake adana takarda ba." Ta kai shago aka gasa shi cikin leda, ta dawo tana nuna masa yadda ko ruwa ba ya shiga.

"Ba za a iya ɓare ledar ba?" ta tambayi akawun.

"Za a iya. Sai dai leda in ta sha zafi, ba ta tashi ita kaɗai. Ko ta bar miki rubutun, ko ta tafi da shi. Ni ba zan zaɓa miki ba."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ƙanin ne, daga asibiti. Ta bar ta ta katse.

"Gwada," ta ce.

Ya ɗauko sabuwar reza, ya yanke gefen, ya zura bakinta a hankali. Hoton kakan ya fara tsagewa daga kunne. Ya dube ta, ta gyaɗa kai, ya ci gaba.

Ledar ta ɗago da siririyar takardar, da tsohon sunan, da fuskar katin gaba ɗaya. Abin da ya rage a tebur fari ne fat, mai gashi-gashi kamar auduga. Suka ɗaga ledar ga haske su biyu. Sunan ubangidan kakan ne kawai ake gani, ta gaba da ta baya.

Akawun ya haɗa gutsattsarin a ambulan, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Leda mai kyau suka sa miki."

Wayar ta sake ƙara. Ta ɗauka.

"Yaya, an samu?"

Ta kalli ambulan ɗin.

"Ana kan dubawa," ta ce. "Yarinyar ta ci wani abu?"