Layin Wayar Marigayi

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Laraba na gano ni ma jahila ce, kuma yarinyar da ta sanar da ni, a haife na haife ta.

Shekarata tara ina unguwarzoma a ƙaramin asibitin Likita Mukiibi a Masaka. Duk macen da ta zo awo a kwamfuta muke rubuta ta: rukunin jininta, maganin da jikinta ba ya so, ko an taɓa yi mata tiyata, ko ta taɓa jijjiga wajen haihuwa. Mata ɗari shida da 'yan kai. Da Likita ya rasu wata biyu da suka wuce, yayarsa Mama Namakula ta zo da mota ta kwashe kayansa zuwa ƙauye, har da kwamfutar da wayarsa. A gidansu ba a taɓa kayan mamaci sai ranar da dangi suka taru suka naɗa magaji. Ban yi gardama ba. Na ce a raina ai matanmu suna cikin kwamfutar lafiya lau, na koma rubutu a littafi.

Ranar nan wata mai tsohon ciki, Nalwadda, ta zo ƙafafu a kumbure, ta kasa tuna sunan allurar da ta taɓa sumar da ita. Na kira lambar kamfanin manhajar da Likita ya manna a bango, ko suna da dabara.

Yarinyar ta ce, "Anti, ai babu komai a cikin kwamfutarku. Taga ce kawai. Manhajar tana wurinmu, bayanan kuma suna kan wasu manyan injuna da mu ma haya muke yi. Shi ake ce wa gajimare. Ku kuna biya duk wata, kuna leƙowa ta intanet."

"To bari in leƙo ta wayata mana."

"An rufe, Anti. Wata biyu ba a sabunta ba. Mun yi ta tura saƙo layin mai asusun, shiru. Yau ƙarfe biyar wa'adin ke cika, injin zai goge komai da kansa."

Na ce zan biya yanzu yanzu. Ta ce sai da lambar sirri da za su tura layin Likita, ko kuma takardar kotu. Ni da na san kotunmu, ban tsaya tambayar kwana nawa ba. Na kwantar da Nalwadda, na bar ta da abokiyar aikina, na tare ɗan acaɓa.

Ƙarfe uku da rabi na iso, jar ƙasa har cikin kunne. Na tarar da Mama a gindin ayaba tana feraye matoke, ɗanyar ayabar da muke dafawa. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi kowa da kowa har awaki, zuciyata kuwa na ƙirga mintoci.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta kai ni ɗaki ta nuna mini kwamfutar. An naɗe ta da ƙyallen ɓawon itace, an ɗora ta a kan akwatin ƙarfe, ko ƙura babu.

"Ga matanki nan, Nabukeera. Kullum sai na share. Wa zai goge su a nan, ɓera?"

"Mama, ba sa ciki. Suna gajimare."

Ta leƙa sama ta taga, ta dawo da idonta kaina. "'Yar nan, kin karya kuwa da safe?"

"Ba wannan gajimaren ba. Ɗaki ne a wata ƙasa, Likita yana biyan haya. Mai gida ya ce ƙarfe biyar zai watsar da kayan. Makullin kuma yana cikin wayar da ke akwatin nan."

"Wato ƙanena da karatunsa, shekara tara haya yake yi a asibitinsa na kansa?" Ta ja tsaki. "Ba za a buɗe ba. Saura mako uku a naɗa magaji. In na buɗe yau, gobe a ce Namakula ta yashe gado kafin a raba. Ke ki hau babur ki tafi, ni zan zauna da bakin dangi har in mutu."

Gaskiyarta ce, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Na duba agogo, huɗu da minti ashirin. Na manta da ladabi.

"Mama, ranar jana'iza kin ga matan da suka cika gonar nan da goyo? Akwai wadda na baro kwance yanzu, ban san allurar da za ta kashe ta ba. Shi ya sani, ya rubuta. In biyar ta yi, an binne shi karo na biyu, kuma ni da ke muka haƙa."

Na zaci mari zan sha. Sai ta ce, "Koma bakin ƙofa. Ke bare ce, kada hannunki ya taɓa."

Ta sauke kwamfutar a hankali, ta durƙusa gaban akwatin. "Mukiibi, kai ka ja mana. Ka ajiye kayanka a sama ba ka gaya wa kowa ba." Ta ciro makulli daga ɗamararta.

Wayar ta mutu murus. Na ce layin kawai nake so. Ta cire ɗan kunnenta, sau uku tana zungura kafin ya fito. Na sa a tawa wayar. Babu sabis. Muka ruga kan surin da ke bayan gida, ni a sama, ita a ƙasa tana riƙe da zanena. Huɗu da arba'in da shida lambar ta shigo. Na shigar, na biya, abin ya yi ta juyawa kamar ba zai tsaya ba.

Ya buɗe. Na nemo Nalwadda, na kira abokiyar aikina na karanta mata sunan allurar sau biyu. Sai a lokacin na zauna a kan surin.

Mama ta ce, "Mu gani, matan naki."

Na miƙa mata fuskar wayar. A saman shafin akwai jerin tunatarwar da Likita ke rubuta wa kansa. Ta ƙarshe tana ɗauke da kwanan watan ranar da ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Ta ce in karanta mata, idonta ba ya gani.

Na karanta: "Yaya Namakula, hawan jini. Ta ce ta warke, ƙarya take yi. In kai mata magani ranar Asabar."

Ta saki zanena, ta zauna a ƙasa, ɗan kunnen yana nan a tafin hannunta. Sannan ta tambaye ni:

"Wata mai zuwa ma sai an biya hayar?"

Na ce eh, duk wata.

Ta ce, "To kada ki bari ta wuce."